Dashi a Tukunya: Nazari kan Renon Commiphora africana a Kwarin Komadugu, Jihar Diffa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dashi a matsayin tsiron ado irin wanda masu tara tsirran hamada ke nema. Ta nuna cewa a Diffa babbar barazanarsa cikin tukunya ita ce laka da yawan ban-ruwa, kuma shuka iri ta fi tono daga daji alfanu.

Asali da siffa

Masanin tsirrai na Faransa Achille Richard ne ya fara bayyana dashi a 1831 daga samfurin Sanagal, da sunan Heudelotia africana, kafin Adolf Engler ya mayar da shi cikin jinsin Commiphora a 1883. Danginsu ɗaya da hano, wato Burseraceae. Gajeren itace ne mai ganye uku-uku, ƙananan rassansa na ƙarewa da tsini kamar ƙaya. Jikinsa na ajiye ruwa. Idan aka ɓare siririn ɓawon da ke saɓulewa, sai a tarar da kore shar a ƙarƙashi, kuma da wannan koren yake ci gaba da sarrafa hasken rana a tsawon watannin da ba shi da ganye ko ɗaya. Kaurin gindi da murɗewar rassa su ne masu tara tsirrai a Turai da Amurka ke biya da tsada, alhali a karkararmu shinge ake yi da shi, a ci asuwakinsa, a turara ƙaronsa, awaki da raƙuma su cinye ganyen.

Muhallin Diffa

Ruwan sama a garin Diffa bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Wannan ya yi wa dashi daidai. Matsalar tana ga ƙasar kwarin. Kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso, yana barin laka mai riƙe ruwa, wadda manoman tattasai ke so, dashi kuwa ba ya jure ta. Mai reno da ya cika tukunya da ƙasar fadama, yana ba da ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi wa tattasai, zai ga gindin ya yi laushi, ya yi baƙi, ya ruɓe daga ƙasa alhali saman na nan kamar lafiya lau. Abin da ya dace shi ne yashi mai gautsi irin na tudun Maine-Soroa da Gudumariya, a gauraya da tsakuwa da ɗan takin da ya ruɓe sosai, cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Da ganye ya fara zuba bayan kaka, sai a janye ruwa kusan gaba ɗaya har zuwa bazara. Mutane da yawa a nan suke kuskure, don suna ɗaukar zubar ganyen alamar ƙishirwa ce.

Yaɗawa

Reshen dashi na kamawa cikin sauƙi: a yanke shi a ƙarshen rani, a bar bakin yankan ya bushe kwanaki kaɗan a inuwa, a kafa. Iri kuwa yana da wuyar tsira, amma shi ke ba da saiwar tsakiya da gindi mai kyan siffa, ga bambancin halitta da reshe ba ya bayarwa.

Hanya ta uku, tono tsoffin itatuwa daga daji, ita ce mafi saurin kawo kuɗi, kuma a ganin wannan nazari bai kamata a buɗe mata ƙofa ba. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe dashi da yawa a faɗin Sahel, sannan tun 2015 rikicin yankin ya tara dubban masu gudun hijira a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, buƙatar itacen girki da na shinge ta ƙaru. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ita ce ta fi dacewa ta gwada hanyoyin tsirar da irin a gandun reno, tare da ma'aikatan gandun daji da masu lambunan bakin kogi.