Zaƙami

zaƙami, suna, namiji. Ana kuma ce masa haukata-yaro ko babba-juji. Masana tsirrai na kiransa Datura metel.

1. Tsiro mai farin fure kamar bakin kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya cike da ƙananan ƙwayoyi. Yakan fito a juji da kufai, daga Gumel har Sule Tankarkar.

2. Abin maye da ake haɗawa da ƙwayoyinsa. Gubarsa, atirofin da sikofolamin, takan toshe gurbin da sinadarin asetilkolin ke sauka idan jijiya ta aika saƙo. Sai baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, mutum na sambatu yana tsintar abin da babu. Wani tsiron ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake kisa. Abin mamaki, idan fiya-fiya, gubar da ke sa asetilkolin ya taru ya yi yawa, ta kayar da manomi a Gagarawa, allurar atirofin ɗin nan ce likita zai yi masa.

Misali: "Yaya, rabu da shi, tun ranar kasuwar Maigatari zaƙami bai sake shi ba."