Tsofaffin motoci masu turbo: Abin da ke kashe injinsu

Wasu daga cikin motocin Kwatano da ke zirga-zirga tsakanin Samaru, Sabon Gari da Dogarawa a Zariya, musamman masu shan dizal, suna ɗauke da na'urar turbo.

Wani injiniya ɗan ƙasar Switzerland, Alfred Büchi, ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya wata 'yar farfela, wadda ke cusa ƙarin iska cikin injin, sai ƙaramin inji ya samu ƙarfin babba.

Farfelar kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke hana sandarta cinyewa.

A nan matsalar take. Idan direba ya iso daga doguwar tafiya, misali daga Kano, ya kashe mota nan take, man da ke cikin turbon kan ƙone ya toshe hanyarsa. Barin inji yana aiki na minti ɗaya ko biyu kan rage wannan ɓarna.

Ƙurar hunturu kuwa, idan filtar iska ta yage, takan cinye fikafikan farfelar sannu a hankali.

Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce cewa inji na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi tare da rashin ƙarfi sau da yawa tiyon iska ne ya tsage, gyaran da bai kai canjin turbo tsada ba.

Masu ƙara matsin iska domin mota ta ƙara gudu kuwa, kasada suke yi: tsohon inji mai shan fetur maras inganci kan ƙona gasket ko fistan.