Yadda Sana'ar Bankin Zuba Jari Ta Shiga Ajin Jami'a

Bankin zuba jari, a asalinsa, ba wurin ajiyar kuɗin jama'a ba ne. Aikinsa shi ne samo wa gwamnatoci da manyan kamfanoni kuɗi ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun lamuni, da shiga tsakani idan wani kamfani zai sayi wani, da dillanci a kasuwa don cin la'ada. A yau jami'o'i da dama a Ingila da Amurka suna ba da digirin farko a wannan fanni, kuma a ajin ƙarshe ake sakar wa ɗalibi mara ya zaɓi darussan da zai ƙware a kai. Wannan tsari bai daɗe ba idan aka gwada shi da shekarun sana'ar kanta.

Daga fatauci sana'ar ta tsiro. Gidan Baring, wanda aka kafa a Landan a 1762, da cinikin kaya ya fara. Da sunan gidan ya yi ƙarfi, sai ƙananan 'yan kasuwa suka riƙa kawo takardun bashinsu don ya sa hannu ya tsaya musu, su biya shi ladan tsayawar. Daga nan aka kai ga gwamnatoci. A 1803, Baring da gidan Hope na Amsterdam ne suka shirya kuɗin da Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15. 'Ya'yan Rothschild biyar kuwa sun rarrabu a Frankfurt da Landan da Paris da Biyana da Naples, kuma reshen Landan ne ya ranta wa gwamnatin Birtaniya fam miliyan 4 a 1875 ta sayi hannun jari a mashigin Suwez. A Amurka ma haka: Lehman Brothers ya taso ne a 1850 daga shagon kaya da cinikin auduga a jihar Alabama. A irin waɗannan gidaje sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da kwafar wasiƙu da rubuta lissafi a gaban mahaifinsa ko kawunsa, a tura shi wani reshe a ƙetare ya ga duniya, sannan a ba shi kujera. Amana da sanin mutane su ne jarin gaske, kuma babu malamin da ke koyar da su.

Jami'a ta fara leƙo harkar a 1881, lokacin da attajirin ƙarfe Joseph Wharton ya ba da kuɗi aka buɗe makarantar kuɗi da tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania. Jami'ar Birmingham ta buɗe tsangayar kasuwanci a 1902, Harvard ta biyo baya a 1908. Abin da ake koyarwa a lokacin bayani ne kawai: dokar kamfanoni, tsarin ajiye lissafi, da ire-iren takardun jari. Rushewar kasuwar New York a 1929 ce ta girgiza al'amura. A 1933 Amurka ta yi dokar Glass-Steagall wadda ta raba bankin ajiya da bankin zuba jari, abin da ya sa wasu mutanen bankin J.P. Morgan suka fita suka kafa Morgan Stanley a 1935. A tsakanin nan, a 1934, malamai biyu na Jami'ar Columbia, Benjamin Graham da David Dodd, suka fitar da littafi kan yadda ake auna ƙimar kamfani daga alƙaluman lissafinsa. Darasin tantance ƙimar kamfanoni da ake yi a ajin ƙarshe jikan wannan littafi ne.

Abin da ya mayar da fannin ilimi mai cin gashin kansa shi ne lissafi. A 1952 Harry Markowitz ya nuna cewa ba ribar kowane hannun jari shi kaɗai ya kamata mai jari ya duba ba, sai ya duba yadda suke tashi da faɗuwa tare. Falke ya daɗe da sanin hikimar raba kaya a kan jakuna da yawa. Abin da Markowitz ya ƙara shi ne hanyar ƙirga yawan kasadar da rabawar ke ragewa. A 1958 Franco Modigliani da Merton Miller suka tayar da muhawara kan ko cin bashi yana ƙara wa kamfani ƙima. Sai 1973, shekarar da Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa dabarar sa farashi ga yarjejeniyar da ke ba mutum damar saye ko sayar da jari nan gaba a farashin da aka tsayar, ba tare da tilas ba. A wannan shekara ce aka buɗe kasuwar irin wannan yarjejeniya a Chicago, 'yan kasuwa kuma suka rungumi dabarar cikin ɗan lokaci. Da wuya a sami wani binciken jami'a da ya isa kasuwa da sauri haka. Daga nan ɗan gado marar lissafi ya fara rasa kujerarsa.

Landan ta ɗan yi jinkiri. Sai ranar 27 ga Oktoba 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta ga an soke tsayayyar la'ada a kasuwar hannun jari, ciniki ya koma kan kwamfuta, bankunan waje suka saye tsofaffin gidajen dillanci. Sababbin masu gida suna son matasa masu digiri, jami'o'i kuma suka amsa kira. A 1991 ƙungiyar 'yan kasuwar takardun jari ta duniya ta ba da kuɗi aka kafa cibiya a Jami'ar Reading, wadda yanzu ake kira ICMA, inda ɗalibai ke gwada saye da sayarwa a ɗaki mai kama da na banki.

Sauran darussan, asara ce ta rubuta su. A 1995 wani ma'aikaci guda a Singafo, Nick Leeson, ya jawo wa Baring asarar fam miliyan 827, aka sayar da Baring ga bankin ING a kan fam 1. A 1998 asusun zuba jari na LTCM, wanda Scholes da Robert Merton ke cikin shugabanninsa, ya durƙushe shekara ɗaya bayan an ba su lambar Nobel. Lehman ya karye a watan Satumba 2008. Kowace faɗuwa ta ƙara wa darussan kula da kasada da dokokin banki da ɗa'ar aiki nauyi a manhaja. Harkar kuɗi ta Musulunci ma ta samu gurbi a wasu jami'o'in, musamman da Birtaniya ta sayar da sukuk, wato takardun jari irin na Musulunci, na fam miliyan 200 a 2014. Najeriya ta fitar da nata na naira biliyan 100 a 2017.

Duk da haka aji bai kori koyo a bakin aiki ba. Manyan bankuna kan zaɓi yawancin sababbin ma'aikatansu daga ɗaliban da suka yi musu horon hutun bazara kafin shiga ajin ƙarshe, kuma suna ɗaukar waɗanda suka karanta injiniyanci ko tarihi, su horar da su da kansu. Ɗalibai da yawa suna zaɓar darussan shekarar ƙarshe ne da takardar ɗaukar aiki a hannu.