Gaya Tsakanin Sefa da Naira: Inda Gwajin Daidaiton Ƙarfin Saye Ke Tuntuɓe

Ka'idar daidaiton ƙarfin saye, wadda Gustav Cassel ɗan ƙasar Suwidin ya fito da ita fili a 1918, cewa take idan aka canza kuɗin wata ƙasa zuwa na wata, a ƙarshe kayan da za su saya a nan su ne za su saya a can. Ana gwada ta ne da bin farashin canji na haƙiƙa, wato bayan an cire hauhawar farashin kaya ta ɓangarorin biyu. Shin wannan farashi akuya ce a turke, wadda komai zagayenta igiya za ta maido ta, ko kuwa sakakkiya ce? Idan sakakkiya ce, masana sukan ce jerin alƙaluman yana da tushe ɗaya, ka'idar kuma ta faɗi.

Gwajin Dickey da Fuller na 1979, da ake yi wa ƙasa ɗaya-ɗaya, ba shi da ƙarfi idan shekarun bayanai kaɗan ne, balle ga shi Kenneth Rogoff ya nuna a 1996 cewa giɓin yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin rabinsa ya cike. Shi ya sa aka koma tara ƙasashe a gwaji guda, kamar yadda Levin, Lin da Chu suka tsara a 2002, sannan Im, Pesaran da Shin a 2003. Hujjata ita ce wannan tarin, idan aka ɗora shi a kan Yammacin Afirka, yana ba da amsa mai ƙarfi ga tambayar da ba ta dace ba, kuma garin Gaya a jihar Dosso ya isa shaida.

Gaya na da iyaka biyu. A tsallaken Kogin Kwara ga Malanville ta Benin, mai kashe sefa kamar Nijar. A gabas ga Kamba ta jihar Kebbi, ƙasar naira. Nijar da Benin tare aka karya musu darajar kuɗi da rabi a Janairun 1994, tare kuma aka ɗaure kuɗinsu da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro tun 1999. Ƙirga su a matsayin shaidu biyu masu zaman kansu kuskure ne. Paul O'Connell ya nuna tun 1998 cewa irin wannan sakacin yakan sa gwaji ya gaskata ka'idar ba bisa ƙa'ida ba, gyaran da Pesaran ya kawo a 2007 kuma ya rage matsalar.

Amma gyaran lissafi bai taɓa abin da ke faruwa a bakin ruwa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanville, kaya suka koma kwale-kwale: a sauke buhu daga mota, a biya ɗan dako, a biya mai jirgi, a sake lodi a ɗaya gaɓar. Kuɗi iri ɗaya ne, farashi ya sha bamban. A ɓangaren Kamba kuwa, ɗan kasuwa ba ya tambayar babban banki. Wurin 'yan canji yake jin naira nawa jika ɗaya ta sefa ta kama da safiyar nan, kuma kafin Yunin 2023 tazarar farashinsu da na hukuma babba ce. Ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ga cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Pierre Perron ya tabbatar a 1989 cewa irin waɗannan karye-karye kan sa gwaji ya ga tushe ɗaya inda babu shi.

Akwai hanyar da ta fi kusa da gaskiya. Jenny Aker da abokan aikinta, a 2014, sun bi farashin gero da wake kasuwa-kasuwa a iyakar Nijar da Najeriya, suka gano cewa nauyin iyaka yana raguwa inda 'yan kasuwar ɓangarorin biyu ƙabila ɗaya ne. A Dandi, yankin da Gaya take ciki, inda Dandawa da Zabarmawa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tarin da ya dace a gwada na kasuwanni ne, Gaya da Malanville da Kamba da Dosso, da farashin hatsin da SIMA, hukumar Nijar mai bin farashin kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa, da canjin bakin kasuwa. Dole kuma tsarin ya bar wani tsiri da ba a sa ran komowa a cikinsa, domin babu mai ɗaukar buhu ya tsallaka sai tazarar farashi ta wuce kuɗin mota da na duwan da na shingayen hanya.