Haƙorin Makka, Farin Ciko da Hukuncin Yawu

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, haƙori ya daɗe da zama wurin ado. Matan da can sukan goga furen taba, su bi da goro, har haƙora su yi jajawur, abin sha'awa a wancan zamani. Idan kuwa haƙori ya yi kogo ya hana barci, sai a nufi wanzami ya cire shi, domin babu abin da za a cusa a ramin ya zauna. Matsalar ke nan tun asali: baki wuri ne mai danshi da ɗumi, yawu ba ya yankewa dare da rana, kuma duk abin da aka liƙa wa haƙori shi zai yi masa hukunci.

Zinariya ce ta fara cin wannan jarrabawa a bakin Bahaushe. Da jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, tafiyar da a da take cin shekaru ta hanyar Sudan ta koma ta makonni, sai haƙorin Makka ya yawaita, ya zama shaidar cewa Hajiya ta sauke farali. Ana ɗaukarsa ƙawa kawai, amma yana da dalilin daɗewa: zinariya ba ta shan ruwa, ba ta tsatsa, goro ba ya rina ta. Za a ce ai da yawa ba zinariya zalla ba ce, kuma sau da dama lafiyayyen haƙori ake gogewa a kifa masa hula, daga baya ya ruɓe ta ƙarƙashi. Haka ne, sai dai laifin na mai sakawa ne da ya bar kafar da abinci ke maƙalewa, ƙarfen kansa bai gaza ba.

Farin ciko, wanda likitoci ke kira kwamfozit, ya zo da akasin haka: ya fi kama da haƙori, amma ruwa na cinsa a hankali. Rafael Bowen ne ya haɗa danƙonsa a Amurka a farkon shekarun 1960, bayan Michael Buonocore ya nuna a 1955 cewa ɗan asid yana sa danƙo ya kama haƙori. Garin gilashi ne a cikin danƙon roba, ana daskarar da shi da shuɗin haske. Yana ɗan tsukewa lokacin daskarewa, sannan danƙon ya riƙa tsotsar yawu yana kumbura kaɗan. Kumburin kan rage giɓin da tsukewar ta bari, amma ruwan da ya shiga yana sassauta ɗaurin da ke tsakanin gilashin da danƙon, cikon ya yi laushi, ya riƙa zaizayewa, shayi da goro su sami hanyar rina shi. Shi ya sa ma'aunin ISO 4049 ya tanadi a jiƙa samfurin cikin ruwa kwana 7 a zafin jikin mutum, kada ya sha fiye da maikirogiram 40 a kowane milimita kubik.

Masu goyon bayan farin ciko suna da hujja mai ƙarfi. Ba ya buƙatar a fafe haƙori da yawa, kuma babu zaiba a cikinsa, saɓanin baƙin cikon amalgam da Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi a rage amfani da shi. Ban musa ba. Abin da ake mantawa shi ne sharaɗinsa: dole ramin ya bushe ƙayau lokacin sakawa, ɗigon yawu ɗaya na iya ɓata ɗaurin, kuma na'urar tsotse yawu da fitilar shuɗin hasken suna son lantarki. A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, inda wuta ba ta da tabbas, cikon gilas ayonoma, wanda ake iya sakawa da kayan hannu kawai, ya fi jure danshi, ko da bai kai kwamfozit ƙarfi ba.

Wanda ya zaɓi farin ciko ya zaɓi kyau da tsimin haƙorinsa, ba daɗewa irin ta zinariya ba. Idan mai cin goro ne, ya riƙa komawa ana duba gefen cikon.