Daga Motar Kara Zuwa Jirgi Mai Rimot

A ƙasar Damari da maƙwabtanta na Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, inda dawa da masara da auduga suke ginshiƙin rayuwa, al'ada ce daɗaɗɗiya idan kaka ta yi, aka yanke dawa aka bar kara a gona, yara su ɗebo shi, su feƙe ɓawonsa, su yayyanka totuwarsa, su harhaɗa surar duk abin da ya ƙayatar da su. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa har ta dangana da Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci kuma suka shiga jigilar auduga daga ƙauyuka, sai mota ta zama abar kwaikwayo, da fari ta kara, daga bisani ta waya da gwangwanin madara, da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa. Hikimar da ta fi cancantar a yi ta'ajibinta ita ce dogon sitiyarin nan na waya, wanda yaro yake riƙewa yana tafe a bayan motarsa, in ya murɗa shi ƙafafun gaba su karkata.

Alhali kuwa tun a 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya riga ya raba hannu da abin da yake tuƙawa, domin a zauren Madison Square Garden na birnin New York ya saka ƙaramin jirgi a ruwa, ya tsaya daga nesa da wani akwati a gabansa, yana aika masa umarni ta iska, har wasu daga cikin mahalarta suka zaci sihiri ne. A 1906 Leonardo Torres Quevedo ya nuna makamancin haka a tashar jiragen ruwa ta Bilbao, a ƙasar Sifen.

Rimot ɗin da ake riƙewa a yau jikan wancan akwati ne, kuma galibi sanduna biyu gare shi: ta hagu ita ce totur, a tura ta gaba jirgi ya tafi, a janyo ta baya ya koma, ta dama kuwa ita take juya farantin da ke ƙarƙashin ruwa a bayan jirgin, wanda ba ya da tasiri sai ruwa yana gudana ta jikinsa, saboda haka jirgin da ya tsaya cik ba ya juyuwa, birki kuma ba shi da shi. Akwai ƙananan maɓallai na daidaita saiti idan jirgi yana zamewa gefe guda. A da, lokacin da ake aiki da zangon rediyo na 27 MHz, rimot biyu kan yi karo, umarnin wannan ya faɗa wa jirgin wancan, sai da zangon 2.4 GHz ya zo aka huta.

A ganina, mushkilar da ta fi wahalar da mai koyo ita ce wadda yaron Damari bai taɓa saninta ba, domin shi yana bayan motarsa, damarsa ita ce damarta har abada, amma mai rimot a tsaye yake wuri guda, idan jirgi ya juyo ya fuskance shi, sai hagu ta koma dama. Da yake kududdufi sai da damina, motoci masu rimot, ƙirar Sin, su suka fi jirage yawa a kasuwannin Funtuwa da Kano, musamman gabanin Sallah, kuma masu arahar cikinsu ba su san sannu-sannu ba: ko gudu gaba ɗaya, ko tsayawa.