Launin ruwan yashi da yadda ake haɗa shi da sauran launuka

Ruwan yashi launi ne mai haske da ke tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa. Turawa na kiransa bej, kalmar da ta samo asali daga Faransanci, inda take nufin ulun da ba a rina ba. Ana yawan zaɓarsa wajen fentin gida da jeren ɗakin amarya, domin yana kwantar da ido, kuma ƙurar hunturu ba ta tona asirinsa da wuri kamar yadda take yi wa fari. Sai dai a kasuwa masu sayar da fenti da labule kan kira shi da danginsa duka da suna ɗaya, wato kirim, kuma daga nan ne asarar mai saye take farawa.

Launin da ke ƙarƙashinsa

Masana ado sun kasa launuka gida biyu: masu ɗumi, irin su ja da rawaya da ruwan goro, da kuma masu sanyi, irin su shuɗi da kore. Ruwan yashi yana cikin masu ɗumi, amma ba iri ɗaya ba ne. Wani yana da sirkin rawaya, wani na ruwan hoda, wani kuma na ruwan toka. Wannan sirki shi ke yanke hukuncin abin da zai dace da shi. Idan bango mai sirkin ruwan hoda ya haɗu da labule mai sirkin rawaya, sai ɗayansu ya yi kama da abin da ya yi dauɗa, alhali dukansu sababbi ne. Hanyar gane sirkin mai sauƙi ce: a ɗora samfurin a kan farar takarda a cikin hasken rana, farin zai fito da shi fili.

Launukan da suka dace da shi

Haɗi mafi aminci shi ne na dangi: ruwan madara, ruwan zuma, ruwan ƙasa da ruwan makuba. Sharaɗin kawai shi ne a sami tazara bayyananniya tsakanin mai haske da mai duhu. Irin wannan ɗaki yana buƙatar kaya masu bambancin laushi da kaushi, kamar katako da fata da tabarmar kaba da saƙi, don kada ya zama lami.

Mai son launin ya fito sosai sai ya nemi shuɗi. A da'irar launuka, shuɗi ne ke fuskantar ruwan goro, shi kuwa ruwan yashi tamkar ruwan goro ne da aka tsarma da fari mai yawa, shi ya sa kowannensu ke ƙara wa ɗaya armashi. Shuɗin baba mai duhu, irin wanda ake rinawa a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, yana zama daram a kan irin wannan bango. Kore mai duhu da jan ƙasa su ma suna karɓarsa. A kayan ƙarfe kuwa, ruwan gwal da tagulla sun fi azurfa dacewa da shi. Wanda za a yi hattara da shi shi ne ruwan toka mai sirkin shuɗi, domin yakan sa ruwan yashi ya koma kamar tsohon fenti.

Rabon launi a ɗaki

Akwai ƙa'idar da masu ado suka saba bi, ta kashi 60 da 30 da 10. Babban launi ya ɗauki kashi 60, wato bango da shimfiɗar ƙasa. Na biyu ya ɗauki kashi 30, wato kujeru da labule, na uku kuma kashi 10, wato filon kujera da ƙananan kayan ƙawa. Misali, bango ruwan yashi, kujeru ruwan makuba, filo shuɗin baba.

Tasirin haske

Kwan fitila yana sauya kamannin launi. Mai awon Kelvin 2700 zuwa 3000 haskensa ya karkata ga rawaya, yana ƙara wa ruwan yashi ɗumi. Mai awon 6500 kuwa haskensa fari ne mai sirkin shuɗi, yana dusashe shi. Awon a rubuce yake a jikin kwalin kwan.

A zanen kwamfuta

Masu tsara katin biki da shafukan intanet su kiyaye farin rubutu ko ruwan gwal a kan ruwan yashi, domin yana wahalar karantuwa. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga ƙananan haruffa. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi mai duhu sukan cika wannan sharaɗi.

Kafin a biya kuɗi

A sayi ƙaramin gwangwani a shafa a wani sashe na bango, a bar shi ya bushe, sannan a duba shi da safe da la'asar da kuma dare a ƙarƙashin fitila. A kuma riƙe katin samfurin fentin zuwa wurin mai labule da mai kujeru, a kara shi da yadin kafin a yanka, domin wanda aka riga aka yanka ba ya komawa kanti.